Tambaya: su ma fada-fada ɗariƙu gare su?

TelanBukoki:
Jama'a, barkanku da war haka. Ni tela ne a Bukoki, nan Yamai, kuma Musulmi ne. Shekaranjiya wata mata 'yar Katolika ta kawo mini atamfa turmi biyu, duk jikinta hoton wani tsoho ne mai ɗan ranƙwafaffen wuya, da rubutun Faransanci a ƙasa. Na ce wane ne wannan? Ta ce Waliyyi Alfons ne, uban ƙungiyar wasu fada-fada, kuma ranar 1 ga Agusta suke bikinsa. Kunya ta hana ni ƙara tambaya, ga keke na jira. Shin ƙungiyar nan kamar Tijjaniyya da Ƙadiriyya take a wurinmu? Sannan yaron shagona Kirista ne shi ma, amma ya ce su a cocinsu ba su da waliyyai. Wa zan bi?

TsohonMalaminLakkol:
Ɗana, kwatancenka bai yi nisa ba. Ƙungiya ce mai wanda ya kafa ta, da ƙa'idar rayuwa, da addu'o'inta na kullum. Inda suka rabu shi ne Batijjane yana da matarsa da gonarsa, wurudi kawai ya ɗauka. Shi kuwa mai shiga irin wannan ƙungiya alkawari uku yake yi: ba zai mallaki dukiya ta kansa ba, ba zai yi aure ba, kuma inda shugabansa ya tura shi can za shi, ko Bilma ce.

Tsohon da ke jikin atamfarka Alfons na Liguori ne, mutumin Italiya. Lauya ne da fari, ya ajiye aikin kotu ya zama fada, ya kafa ƙungiyar Redemptoris a 1732 don wa'azi ga talakawan ƙauye da ba mai zuwa wurinsu. Su ne suka daɗe riƙe da aikin Katolika a Nijar, bishop na farko na Yamai ma, Hippolyte Berlier, nasu ne, a 1961 aka naɗa shi. Amma ba su suka fara zuwa ba. 'Yan SMA, wata ƙungiyar fada-fada masu aikin mishan a Afirka da aka kafa a Liyon ta Faransa a 1856, sun riga su, Fada Faroud ya iso Yamai tun 1931. Ka lura kuma, ba kowane fada ke cikin ƙungiya ba, da yawa a ƙarƙashin bishop kawai suke.

InnaDagaTawa:
Yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Ni a cocin bishara na tashi, kakana ma ta hannun 'yan mishan na SIM masu asibitin Galmi ya karɓi bangaskiya. Mu kalmar da muka sani ita ce "tsarkaka". Ka buɗe wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Afisawa ko Filibiyawa a Littafi Mai Tsarki, da wannan suna yake gaishe su, alhali mutane ne rayayyu masu zuwa kasuwa, wasu har da rigimarsu. Ma'anarta waɗanda aka keɓe wa Allah. Shi ya sa ba mu ware wani mamaci mu roƙe shi ya yi mana addu'a. Bitrus Bitrus ne, manzo, shi ke nan.

TsohonMalaminLakkol:
Inna, kan tsarkaka ba mu da gardama da ke, mu ma haka muke karantawa. Waliyyi dai shi ne wanda hukumar cocin Katolika a Roma ta binciki rayuwarsa bayan ya mutu, ta ce ga abin koyi. Binciken ba na gaggawa ba ne. Charles de Foucauld, wani fada Bafaranshe wanda ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasat har ya tattara ƙamus na yarensu, an kashe shi a 1916, sai a 2022 aka ba shi wannan suna.

InnaDagaTawa:
Baba malam, abin koyi na yarda. Roƙon ne dai ban yarda ba, kuma ba yau muka fara wannan da ku ba.

TelanBukoki:
Na gode, iyayena. Yanzu saura aikina: hoton ya faɗo daidai inda zan yanka hannun riga. Baba malam, in almakashi ya raba fuskar tsohon biyu, za ta ji haushi ne, ko in kira ta ta ƙaro yadi?