Muhawarar zauren masunta: Ramboshi tsohuwar tarwada ce?

Ɗan Kosti: Salamu alaikum jama'a. Jiya a bakin kogin Nil Abyad nan Sudan muka yi ta gardama da wani abokin kamun kifi, na ce sai na kawo ta nan. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne ramboshi da tarwada kifi ɗaya ne. Tarwada ce idan ta daɗe a ruwa ta tsufa, sai fiffiken bayanta ya rabu biyu, rabin na wajen wutsiya ya zama kitse, mutane su sake mata suna. Ku duba mana: kai iri ɗaya, faffaɗa mai tauri, gashin baki takwas, ba ɓawo a jiki. Shekarata goma sha ɗaya ina jefa birgi, ban taɓa kama ɗan ramboshi ba, sai ƙato. To ina 'ya'yansa suke in da gaske iri ne daban?

Kawu Mai Taru: Wa alaikumus salam ɗana. Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, ita zan fara amsawa. 'Ya'yan ramboshi suna nan, kai ne ba ka duba ba. Da hannuna na tsince su cikin tulin ƙananan tarwada a ƙasan madatsar Sinnar, bayan ruwa ya fara ja. Ɗaya bai wuce tafin hannuna ba. Na kwantar da shi a gefen jirgi, na bi bayansa da yatsa: fiffike mai ƙasusuwa ya zo kusan tsakiyar jiki ya tsaya cak, daga nan sai wata tsoka mai laushi, ta tafi har gindin wutsiya. Yaushe wannan ya tsufa? Na kuma kama tarwada da ta fi zira'i biyu, fiffikenta tun daga bayan kai har kusa da wutsiya a haɗe yake, ba inda ya yanke. In tsufa ne ke raba shi, ai da nata ne zai fara rabuwa.

Ɗan Kosti: Kawu, ban musa abin da idonku ya gani ba. Amma dillalan da ke saye a wurinmu duka garmut suke ce musu, kuɗi ɗaya suke biya.

Kawu Mai Taru: Dillali kilo yake kallo. Tsofaffin masuntan Larabawa sun san bambancin, garmut suke ce wa tarwada, ramboshi kuwa surta. Mu ma iyayenmu da suka zauna Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 da sunayen biyu suka zo a bakinsu, ba a nan suka ƙirƙiro su ba. Mutanen Nilu da mutanen Kwara ba su haɗa baki ba, kowa ya ba su suna biyu.

Yaya Mai Suya: Ku bari in sa baki, don ni ke yanka su kullum. Ƙanena, ta wani gefen kana da gaskiya. Idan na fasa kan tarwada, sama da kunnuwanta akwai wani jan nama mai rassa kamar ɗan itace, in na fasa na ramboshi shi ma ina samun sa. Da shi suke shaƙar iska, shi ya sa za ka kawo min su da hantsi, su kai la'asar cikin daro suna motsi. To dangi ne na kusa, wannan ba musu. Amma ɗan'uwanka ba kai ba ne.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yaran yanzu, duk kifin da suka ga gashin baki a fuskarsa tarwada ce a wurinsu. Bara wata yarinya da ke taya ni aiki ta sa hannu cikin buhu da gaba gaɗi, an ce mata tarwada ce, ashe kurungu ne. Ƙayar ta shige ta tsakanin babban yatsa da manuni, ga ta da haƙora kamar zarto, fitar da ita ya fi shigarta ciwo. Kwana huɗu hannun na kumbure ba ta iya riƙe wuƙa. Da ta san kurungu, ai tun daga kukansa za ta gane, don in ka ɗaga shi sai ka ji ƙur-ƙur, shi ya sa a nan ake ce masa gargur. Gajere ne, bakinsa a ƙasa, gashin bakinsa shida, na leɓen ƙasa suna da 'yan rassa. Ƙayoyi uku yake miƙewa ya kulle su, ɗaya a baya, biyu a gefe.

Malam na Gadarif: Allah ya ƙara kiyayewa Yaya. Ni ba masunci ba ne, kimiyya nake koyarwa, amma maganar Kawu ita ce a littafi. Masana sun sa su gida ɗaya, jinsi daban: tarwada Clarias, ramboshi Heterobranchus. Wani nau'in ramboshin ma sunansa na biyu bidorsalis, wato mai fiffiken baya biyu. Sai dai akwai abin da zai iya ruɗa mutum. Masu kiwon kifi a Najeriya suna haɗa ƙwan tarwada da ruwan namijin ramboshi, abin da ake ƙyanƙyashewa ya fito tsaka-tsaki, tsokar kitsen nan tana nan amma guntuwa.

Ɗan Kosti: To Malam ai kun ba ni hujja! In ba iri ɗaya ba ne, ta yaya suka haihu tare?

Malam na Gadarif: Doki da jaki ma suna ba da alfadari, ba wanda ya ce jaki tsohon doki ne. Kuma ka lura, da iri ɗaya ne, me zai sa ɗan ya fito da kamar da ba ta uwa ba, ba ta uba ba?

Wani a Jidda: Ina bin ku daga nesa, kun sa ni kewar gida. Yaya, bayad fa? Ni tun ina yaro a kasuwar Maurada ta Omdurman nake ɗaukarsa farar tarwada.

Yaya Mai Suya: Haba, wutsiya kawai za ka duba. Ta tarwada da ta ramboshi a zagaye take kamar mafici, ta bayad a tsage take biyu kamar almakashi. Shi ne wasu mutanenmu ke ce wa ragon ruwa. Fiffiken bayansa gajere ne, da ƙaya a gaba, sai doguwar tsokar kitse ta biyo. Kuma ba ya jimirin tudu irin nasu, in ba a sa masa ƙanƙara ba asara ce. Ɗan'uwansa kabaros ya fi shi faɗin kai da duhun jiki. Naman bayad fari, ba ƙananan ƙaya, shi masu kuɗi ke nema a suya. Tarwada kuwa banda ta fi karɓa.

Kawu Mai Taru: Kada ku manta da minjirya, barada a bakin mutanen nan. Ita ba ta da fiffiken baya sam, sai ɗan kitse can kusa da wutsiya, jiki suɓul, ido ƙanana. Duk yaron da zai shiga jirgi a nuna masa ita tun ranar farko, don girgizarta na iya sa babba ya saki taru.

Ɗan Kosti: Maganar alfadari ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ina mamakin yadda shekara goma sha ɗaya ban ci karo da ƙarami ba.

Kawu Mai Taru: Ba su kai tarwada yawa ba ko kusa. Ita ko a magudanan gonakin Jazira da kududdufan da damina ta bari za ka same ta, shi kuwa ya fi son babban kogi da zurfi. Sannan ƙananan kifi wa ke tsayawa ya duba bayansu? Kwashe su ake yi da kwano. Gobe in an sauke kifi, ka tsuguna gaban tulin ƙananan, ka ɗauka ɗaya-ɗaya ka ja fiffiken da yatsa.

Ɗan Kosti: Zan yi, in Allah ya kai mu. In na samu zan turo hoto nan.

Kawu Mai Taru: Ka ɗauka ta gefe, ba ta sama ba, wani ya riƙe maka fiffiken a miƙe, ka ajiye ashana kusa da shi mu ga girmansa.