Shawarwari kan sayen akwatin zuƙe tururin sinadarai marar bututu

Ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da suka tattauna batun sun amince cewa kada a biya ko sisi sai an miƙa wa dillali jerin sinadaran da za a yi aiki da su, domin da matacin gawayi akwatin yake tace tururi ya maido da iskar cikin ɗaki, kuma kowane mataci da irin abin da yake kamawa. Tafasa asid mai ƙarfi kuwa, sai akwati mai bututun fitar da tururi waje.

Sun ce a nemi shaidar ma'aunin ingancin irin wannan akwati na Faransa, NF X 15-211, a haɗa da matatan canji tun a odar farko, tunda ta tashar jiragen ruwa ta Duwala mai nisa kaya suke shigowa, ga kuma ƙurar hunturu da ke saurin toshe matacin gaba.