Wane magani ya dace idan sakamakon gwaji ya saɓa da halin da yarinya take ciki?

Assalamu alaikum, manyan likitocinmu da abokan aiki. Ina neman shawararku a kan wata yarinya 'yar shekara 3 da aka kawo da zazzaɓi mai zafi da amai, tana kuka duk lokacin da za ta yi fitsari, wanda ya sa muka yi zargin cutar hanyar fitsari ta hau zuwa ƙoda. Mun ɗebi fitsarinta kafin a fara magani, muka sa ta a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta cefixime na sha.

Yanzu zazzaɓin ya sauka, aman ya tsaya, har tana wasa a kan gado, amma sakamakon gwaji ya nuna ƙwayar cutar E. coli mai fitar da ESBL (sinadarin da ke lalata wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta), wadda ba ta jin cefixime ko ceftriaxone ko co-trimoxazole. Nitrofurantoin da ciprofloxacin da amikacin ne kawai suke kama ƙwayar cutar.

Nan ne na rasa mafita. Nitrofurantoin a fitsari yake taruwa, ba ya ratsa naman ƙoda yadda ya kamata, don haka hankalina bai kwanta da shi ba ga yarinyar da ta yi zazzaɓi. Ciprofloxacin ana taka-tsantsan da shi ga yara saboda gaɓoɓi da jijiyoyi, amikacin kuwa allura ce da ke buƙatar a sa ido a kan ƙoda da jin kunne.

Shin in ƙarasa mata kwana 10 a kan cefixime tunda tana samun sauƙi, ko in sauya? Idan sauyawa ce, wanne za ku zaɓa, kuma daga wace rana za a fara ƙirga kwanakin?