Wace irin laimar kwaɗi ce ke fitowa a kan kashin shanu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin tsirrai ku taimaka min, abin nan ya hana ni sakat.

Muna kiwo a wajen Kachiya. Tun da ruwan Agusta ya kankama, laimar kwaɗi take ta tsirowa a kan tsohon kashin shanu a mashekarinmu. Iri biyu nake gani. Ɗaya ƙarama ce, ruwan toka, ƙafarta siririya kamar tsinke. Ɗayar ta fi girma, samanta ruwan ƙasa-ƙasa, kuma inda na murza ta da yatsa sai wurin ya koma shuɗi. Na kife hular ƙaramar a kan farar takarda ta kwana, da safe na tarar da baƙin gari kamar toka.

Na san wadda ke fita a jikin suri ana miya da ita, amma waɗannan ba su yi kama da ita ba.

Damuwata ɗana ne mai shekara 3. Shekaranjiya na ƙwace guda a hannunsa yana shirin kaiwa baki. Shin guba ce? In yaro ya haɗiye, me zan yi kafin mu isa asibiti? Maruƙa fa, tana cutar da su?