PES 2021 ko EA Sports FC: wanne ya fi kama da ƙwallon gaske?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramin shagon buga wasannin kwamfuta a unguwarmu, kuma har yanzu PES 2021 ne a kan na'urorin PlayStation 4 da muke aiki da su. A 'yan kwanakin nan matasan da ke zuwa sun rabu gida biyu. Wasu suna matsa mini lamba in koma EA Sports FC, saboda a can ne suke samun ƙungiyoyi da sunayensu na ainihi da rigunansu da 'yan wasan wannan kakar, wasu kuma sun ce duk ranar da na cire PES kada in ƙara sa ran ganinsu. Abin da nake so in ji daga waɗanda suka daɗe suna buga duka biyun shi ne, wanne ya fi kama da ƙwallon ƙafa na gaske idan mutum biyu suka zauna suna karawa? Sannan ko akwai amfani in gwada eFootball, wasan da ya maye gurbin PES, tunda kamfanin Konami ya daina fitar da PES?

Abu Hafsat:

Wa alaikumus salam, Malam. Idan maganar taka leda ce zalla, ni dai ban ga abin da ya kamo PES 2021 ba. A cikinsa ƙwallo tana da nauyi, ɗan wasa ma yana da nauyi. Idan ɗan tsakiya ya karɓi ƙwallo ya ba raga baya, ka yi gaggawar danna madannin miƙawa kafin ya juya ya daidaita jikinsa, ƙwallon za ta tafi a karkace ta faɗa ƙafar abokin hamayya, kamar dai yadda ake gani a fili. Wannan shi ke tilasta wa mai buga wasan ya yi haƙuri, ya mayar da ƙwallo baya idan hanya ta toshe, ya jira ɗan gefe ya ruga kafin ya saki. Wanda ya fahimci ƙwallo yakan doke wanda hannunsa kawai ke da sauri, kuma a ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a duba.

Ƙorafin sunaye gaskiya ne, kuma ya daɗe. Waɗanda suka buga tsofaffin PES sun san lokacin da ake kiran Chelsea da London FC, Liverpool kuma Merseyside Red, saboda Konami ba ta da lasisin gasar Firimiya baki ɗaya. Amma a PlayStation 4 wannan matsala tana da magani, domin ana iya sauke fayil ɗin gyara a saka a filashi a ɗora shi a na'urar, sunaye da riguna da tambura su dawo daidai.

Bazazzagi:

Ina girmama ra'ayin Abu Hafsat, amma akwai abin da bai taɓo ba. Yaron da ya kalli wasan Real Madrid jiya da dare a gidan kallo, idan ya zo shagonka yau so yake ya ga waɗannan 'yan wasan da ya gani, da filinsu, da taken gasar Zakarun Turai kafin a take wasa. Lasisin wannan gasa ya bar hannun Konami ya koma kamfanin EA tun daga wasansa na FIFA 19 a shekarar 2018, kuma rabuwar EA da hukumar FIFA bai taɓa shi ba. Sunan wasan kawai aka canza: bayan FIFA 23 sai aka fitar da EA Sports FC 24 a watan Satumba na 2023, kusan shekara talatin da fitowar wasan FIFA na farko a 1993, amma Firimiya da La Liga da Bundesliga duk suna nan. Fayil ɗin gyara yana iya sauya riga da suna, amma ba ya sauya gaskiyar cewa PES 2021 kansa sabunta PES 2020 ne kawai aka yi, kuma babu wani gyara da zai sake zuwa masa daga kamfanin.

Duk da haka zan faɗi aibinsa. Gudu ya yi rinjaye a FC fiye da kima, ta yadda mutum zai ɗauki ƙungiya mai ɗan gaba irin Mbappé, ya yi ta jefa masa dogayen ƙwallaye a bayan 'yan baya, ya ci wasa ba tare da ya gina komai a tsakiya ba. Kuma fasahar motsin 'yan wasa da suke tallatawa da sunan HyperMotion ba ta cikin na PlayStation 4, sai a PlayStation 5 da sababbin Xbox da kwamfuta, don haka abin da yaranka suke gani a YouTube ba shi ne daidai abin da za su samu a shagonka ba.

Ummu Sadiq:

Malam Ɗan Fagge, zan yi magana a kan eFootball, domin ƙannena suna buga shi a waya kullum. Lokacin da ya fito a ƙarshen Satumba na 2021, kyauta, bayan an sauya masa injin da aka gina PES a kai, ya sha suka ƙwarai saboda fuskokin 'yan wasa da suka fito a gurɓace da kurakurai masu yawa, har Konami ta fito ta ba da haƙuri. Daga baya an gyara abubuwa da dama, kuma yanzu taka ledarsa ba ta da laifi. Sai dai an gina shi ne domin karawa ta intanet da tara 'yan wasa a ƙungiyar mutum ɗaya, abin da bai dace da shagon da mutane ke shigowa suna fita ba, ga kuma kuɗin data da katsewar layi. Abin da ya fi ɓata wa tsofaffin masoya rai shi ne rashin Master League a lokacin fitowarsa, tsarin da a zamanin PES 6 mutum yake farawa da ƙirƙirarrun 'yan wasa irin su Castolo da Minanda ya yi ta fafutuka har ya gina babbar ƙungiya.

Idan ka saka FC, ina roƙonka ka kula da sashen Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin katunan 'yan wasa da kuɗi ba tare da an san abin da ke ciki ba. Hukumomin Beljiyam sun ɗauki irin wannan a matsayin caca, har EA ta daina sayar da makin sayen katunan a ƙasar a farkon 2019. Bai kamata yara su saba da wannan a shagonka ba.

Ɗan Fagge:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan bar PES 2021 a kan yawancin na'urorin, in ɗora masa sabon fayil ɗin gyara, sannan in saka FC a kan guda ɗaya ba tare da haɗa ta da intanet ba, in ga wadda layi zai fi tsawo a kanta. Abu Hafsat, don Allah ka yi mini bayanin yadda ake tsara fayil ɗin a cikin filashi kafin na'urar ta karanta shi.