Muhawara: Kuɗin bincike ne babu a Najeriya, ko hanyar fitar da su ce ta toshe?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. Kullum ana cewa gwamnatin tarayya ba ta ba da kuɗin binciken kimiyya, ni kuwa ban yarda da wannan magana ba. Tun 1993 aka kafa asusun harajin ilimi, bayan yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi da gwamnati a 1992, sannan dokar 2011 ta mayar da shi TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati. Kamfanoni sun fara ne da biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, dokar kuɗi ta 2021 ta kai shi 2.5, ta 2023 ta kai shi 3. Ana raba kuɗin gida huɗu: biyu na jami'o'i, ɗaya na kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya na kwalejojin ilimi. A ciki akwai Asusun Bincike na Ƙasa, wanda ya fara da naira biliyan 3, ya kai biliyan 7.5 a 2020, biliyan 8.5 a 2021, kuma ƙungiyar masu bincike ɗaya na iya samun har miliyan 50. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen neman kuɗin. Matakai uku ne: taƙaitaccen bayanin abin da za a bincika, cikakken ƙuduri da kasafinsa, sai a je a kare shi gaban kwamiti. Da yawa tun a matakin farko suke faɗuwa, saboda tambayar binciken ba ta fito fili ba, ko kasafin bai yi daidai da aikin ba.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma a auna su da abin da ake saye da su. Sinadaran ɗakin gwaji da kayan gyaran na'urori kusan duk daga waje ake kawo su, da dala. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wato miliyan 50 ta haura dala dubu ɗari. Da dala ta wuce naira 1,500 a 2024, wannan miliyan 50 ɗin ta koma wajen dala dubu 33. Wanda aka amince da kasafinsa kafin faɗuwar naira, kashi na biyu na kuɗin ya zo bayanta, ba a ƙara masa ko kwabo, kuma aikin da ya yi alkawari yana nan a wuyansa.

Sannan ƙasashen Afirka sun ɗora wa kansu kashe kashi 1 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara a kan bincike. Maganar tana cikin shirin raya tattalin arzikin Afirka da aka amince da shi a Legas a 1980, aka sake jaddada ta a Khartoum a 2006. Najeriya ko rabin wannan kashi ɗayan ba ta kai ba. Koriya ta Kudu tana kashe sama da kashi 4.

Malam Nasiru: Dakta, na ji batun dala. To amma me za a ce game da ƙaramin tallafin da TETFund ke ware wa kowace makaranta, wanda aka daɗe ana bayarwa a kan miliyan 2 ga aiki ɗaya? Sau da yawa kason makaranta kan kwana shekara ba a taɓa shi ba.

Alhaji Garba: Bari in amsa wannan daga ɓangaren ofishin kuɗi, don nan ne abin ke maƙalewa. Kuɗin ba hannun mai bincike suke zuwa kai tsaye ba, asusun makaranta suke shiga, kuma tun 2015 asusun makarantun tarayya yana ƙarƙashin asusun bai-ɗaya na Babban Banki. Kashi-kashi ake sakin su. Ba a sakin na gaba sai an kawo rahoton ci gaban aiki da rasit na na baya. Idan malamai biyar a cikin rukuni ɗaya ba su kawo nasu ba, takardar rukunin ba ta cika ba, waɗanda suka gama nasu ma sai su zauna jira.

Ga kuma dokar sayen kaya ta 2007. An tsara ta ne da kwangilar gini da sayen kujeru a zuciya: a nemi farashi daga 'yan kasuwa daban-daban, kwamiti ya zauna, a ba mafi sauƙi. Amma sinadarin da kamfani ɗaya ne ke yin sa, wanda sai a cikin ƙanƙara ake ɗauko shi, kuma wa'adinsa watanni ne, wannan hanya ba ta yi masa. Kafin kwamiti ya zauna farashin da aka kawo ya tashi, sai a koma farko. Malamin da ya ga ɗan'uwansa ya sha wannan wahala a kan miliyan 2, ba lalaci ne ya hana shi nema ba.

Dakta Hauwa: A ƙara da wuta, Alhaji. Firizar ajiye jini da ƙwayoyin halitta tana aiki ne a kan awo 80 ƙasa da sifili. Wuta ta ɗauke kwana biyu ba dizal a janareta, samfurin da aka tara shekara uku ya lalace, ba ya dawowa. Tun Afrilu 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, naira 225 kowane yunit, jami'o'i suka shiga rage awannin wuta. Tallafin bincike yana sayen na'ura, amma wutar da za ta tayar da ita da albashin mai kula da ita suna kan kuɗin gudanarwa na makaranta, waɗanda ba sa isa.

Malam Isiyaku: Ku duka a kan jami'o'i kuke magana. Akwai cibiyoyin bincike da ke ƙarƙashin ma'aikatu: ta hatsi a Badeggi, ta Tafkin Chadi a Maiduguri mai aikin alkama da gero, ta magungunan dabbobi a Vom, ta fasahar sinadarai a Zariya, ta haɗa magunguna a Idu. Dokar TETFund ba ta sa su cikin masu kaso ba. Da kasafin shekara suke rayuwa, mafi yawansa albashi, kuɗin ayyuka kuwa sai lokacin da aka ga damar saki.

Ga mai binciken noma lokacin saki shi ne komai. Gwajin iri yana son kuɗin huɗa, taki da leburori a hannu kafin ruwa ya zauna, wato Mayu zuwa Yuni a yawancin Arewa. Kuɗin da suka zo a Oktoba ba za su dawo da daminar ba. Sabon iri kuma sai ya bi gwaji a gonar cibiya, a wurare daban-daban, sannan a gonakin manoma, kafin kwamitin sakin iri a Ibadan ya amince. Damina ɗaya ta faɗi a tsakiya, bayanan sun yi giɓi, shekara ta tafi.

Ku dubi waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar a Disamba 2019, mai jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda ya rage feshi daga shida zuwa takwas a damina zuwa biyu. Kusan shekara goma aka yi ana aikinsa, da haɗin gwiwar gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID. Masanan namu ne, gonakin namu ne. Abin da ya zo daga waje, ban da fasahar, shi ne kuɗin da ba sa yankewa a tsakiyar aiki. Wannan ya kamata ya dame mu ƙwarai, domin ranar da mai bayarwa ya janye, aikin ya tsaya.

Malam Nasiru: To, Malam Isiyaku, sai a buɗe musu TETFund ke nan? ASUU ba za ta yarda ba, kuma tana da hujja: asusun nan da yajin aiki aka samo shi don ceto makarantun gwamnati, in aka ƙara masu ci a kwano ɗaya kowa zai tashi da yunwa.

Farfesa Amina: Ba sai an taɓa TETFund ba, domin abin da ya dace yana rubuce tun tuni. Manufar kimiyya da fasaha ta farko ta fito a 1986, ta 2012 kuma ta tanadi Majalisar Bincike da Ƙirƙira ta Ƙasa ƙarƙashin shugaban ƙasa, da asusun bincike na ƙasa baki ɗaya. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta sanar da gidauniyar kimiyya ta dala biliyan 5, kuɗin ba su fito ba. Afirka ta Kudu tana da irin wannan hukuma tun 1999, mai ba da tallafi ta hanyar gasa, ba tare da tambayar wace ma'aikata ce ke biyan albashin mai nema ba.

Ga misalin illar rashin wannan: cibiyar binciken ƙwayoyin cututtuka ta ACEGID ta Jami'ar Redeemer's a Ede, wadda ta tabbatar da Ebola a 2014 kuma ta fara karanta tsarin ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020, ba ta da kaso a TETFund, don jami'ar ta kuɗi ce. Da tallafin Bankin Duniya da na waje ta tashi.

Akwai kuma matakin da ba wanda ya ɗauki nauyinsa, daga ɗakin gwaji zuwa masana'anta. Cibiyar Idu ta samar da Niprisan na masu sikila, aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi a 2002, maganin ya shiga kasuwa da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya karye a 2008, marasa lafiya suka daina samu. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin haɗa magunguna na May & Baker.

Alhaji Garba: Farfesa, ranki ya daɗe, kafin a kai ga sabon asusu a duba dokar haraji da aka sa wa hannu a Yuni 2025. Ta haɗe harajin TETFund da na hukumar fasahar zamani, NITDA, da na hukumar kimiyya da injiniyanci, NASENI, wuri ɗaya, kashi 4 cikin ɗari na riba, rabi na TETFund. Rabin 4 kuwa 2 ne, ƙasa da 3 da take karɓa kafin wannan doka. Daftarin farko ma so ya yi a janye kason nata gaba ɗaya zuwa 2030, sai da aka yi ta ƙorafi aka cire wannan.

Malam Nasiru: Ina nan kan bakana cewa ingancin ƙudurori matsala ce ta gaske, ko an ninka kuɗin sau goma. Kowace jami'a tana buƙatar ofishin da zai duba ƙuduri da kasafinsa kafin a tura.

Dakta Hauwa: Wannan ofishi ina goyon bayansa, Malam, amma a ba shi aiki na biyu. Ya riƙe asusu daban ga kowane tallafi, ta yadda rashin rasit na mutum ɗaya ba zai tsayar da na sauran ba. A rubuta kason kayan waje da dala tun a kasafi, a yarda a sayi sinadari kai tsaye daga mai yin sa idan shi kaɗai ke yi, a ware wani kaso na kowane tallafi don wuta da gyaran na'ura. Na masu aikin gona kuma a sa ranar saki a cikin takardar yarjejeniya, kafin ƙarshen Afrilu.