Maigidana ya fara shan Mestinon, gudawa ta kama shi, mu tsaya ko mu ci gaba?

Maman Rabi, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Maigidana tela ne a nan Tawa, wata shidda kenan hwatar idonshi ke saukowa da kanta, da sahe lahiya lau yake, in marece ya yi sai ka ga yana ɗaga hwatar idon da yatsa kahin ya zura zare a allura, wani sa'in abu guda biyu yake gani. Daga baya tuwo ya fara ba shi wuya, in ya sha ruwa har ta hanci yake dawowa. Mun sha rubutu mun sha sassaƙe, wasu sun ce sammu, wasu shanyewar jiki. Ƙarshe aka tura mu Yamai, likitan jijiya ya yi analis da sikane na ƙirji ya ce ciwon sunanshi myasthénie, ban taɓa jin shi ba walahi. Ya rubuta Mestinon, rabin ƙwaya sau ukku a yini. Yau kwana biyar, idon ya ɗan buɗe alhamdulillah amma cikinshi na murɗawa, ga gudawa ga miyau da yawa, Inna uwarshi ta ce maganin bai karɓe shi ba a bari. Randebu kuma sai wata mai zuwa. Mi za mu yi?

Ɗan Koni:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lahiya hajiya. Ni ban san ciwon ba amma kar ku jira wata guda, ku kira likitan a tarho yau yau.

Hajiya Mai Atamfa, Yamai:
Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, ciwona ne wannan, shekarata bakwai da shi kuma ga ni ina kasuwata. Abin da kika faɗa duk na gani a satin farko, har kuka na yi dan ban san haka maganin yake ba. Yadda likitana ya fahimtar da ni, jijiya na aika saƙo ga tsoka, to garkuwar jikinmu ce da kanta ke tare wurin da saƙon ke sauka, shi Mestinon yana sa saƙon ya daɗe bai ɓace ba, sai dai hanji da bakin mutum su ma suna jin shi, shi ya sa murɗar ciki da miyau da zuhwa. Ni da na daina shan shi da ciki wayam, na koma haɗawa da ɗan kunu ko biredi, abin ya lafa sosai. Kuma ki lura, yana fara aiki kamar minti 30 bayan an sha, ya yi awa 3 zuwa 4 ya sake ka, dan haka ni sai na sha na jira rabin awa sannan na zauna cin abinci mai nauyi, a lokacin ne haɗiya ke yi mini sauƙi. Ki samu ɗan kaye ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ya sha, ƙarfe nawa idon ya sauko, sau nawa ya zagaya, da wannan likita zai gyara mishi awon.
Inna kuma ki lallaɓa ta, tsoro ne irin na uwa, ki nuna mata idon da ya buɗe. Sannan zahin Tawa ba wasa ba ne, zahi na ƙara mana kasala, ɗinkin da ke son ido ya yi shi da sanyin sahiya.

Majo Issa:
Ni ma'aikacin lahiya ne, abin da Hajiya ta faɗa haka yake, in ƙara kaɗan. Kar ku tsaida shi da kanku, kar kuma ku ƙara dan kun ga yana aiki, in ya yi yawa shi kanshi yana kawo raunin jiki. In gudawar ta yi tsanani ku ba shi ruwan gishiri da sukari ku kira likitan. Abin da ya fi damuna shi ne masassara. Mai wannan ciwo ba a ba shi kinin, ko ƙwaya ko a ruwa, haka allurar gentamicine da cipro da allurar magnésium suna iya tada ciwon ya kai ga numfashi. Na taɓa ganin wata da aka ɗaura ma kinin a wani ƙaramin likita na unguwa, ba wanda ya tambaye ta ita ma ba ta faɗa ba, kahin sahe ko miyau ba ta iya haɗiyewa, da ƙyar aka ceto ta. Ki rubuta sunan ciwon a takarda ya zauna cikin aljihunshi, duk inda za a ba shi magani ya nuna, masu tallan magani a tire kuwa ya yi nesa da su. In kika ga numfashi na yi mishi wuya, ko murya ta shaƙe yana kasa haɗiye miyau, ko wuya ya kasa ɗaukar kai, ko tsakar dare ne ku tahi irjans. In likita ya ƙara mishi prednisone nan gaba, shi ma ba a yanke shi lokaci guda, kuma kwanakin farko wani jikin yakan ƙara rauni kahin ya miƙe.

Maman Rabi, Tawa:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na samu likitan bayan la'asar, ya ce a ci gaba amma a haɗa da abinci, in sake kiranshi ran Alhamis. Majo maganar kinin ta girgiza ni dan da damina duk shekara sai ya kwanta masassara, takardar na rubuta har biyu, guda a aljihu guda na liƙa jikin keken ɗinki. Hajiya dan Allah in ƙwayar ta kusa ƙarewa ina kike samu? Farmasi biyu na tambaya nan ba su da shi.

Hajiya Mai Atamfa, Yamai:
Ko a Yamai yakan yanke, shi ya sa ba na bari sai ya ƙare, saura na sati biyu nake fara nema. Ɗauki hoton ordonans ɗin ki turo mini ta akwatin sirri, gobe in na fito kasuwa zan leƙa inda nake saye, in akwai sai in ba motar sahe ta kawo miki Tawa.